GONA DA RUMBU: Maganin Da Mu Ke Sharewa Da Tsintsiya

 

Cikin wasiƙun da suka zo mini a watan jiya akwai ta wata uwargida daga ƙasar Boɗinga. Ta roƙa kada in faɗi sunanta, ba kuwa zan faɗa ba. Ga damuwarta a taƙaice. Da kaka mai gidanta ya cika buhu biyu da wake na cin gida, ya yayyafa musu fiya-fiya, ya ɗinke. Da aka buɗe buhu na biyu wajen Ista, sai ta ji wake yana wari. Ta wanke sau uku, wari bai fita ba. Ta ƙi dafa wa yara. Mai gida ya yi fushi, ya ce ta manta da bara waccan, lokacin da aka bar waken haka nan ba magani, kafin watan Maris ya zama gari, ko kaji sai da suka yi masa yanga. Tana tambaya, wane ne mai gaskiya cikinsu?

'Yar'uwa, na daɗe ina juya wasiƙarki. Ke kina tsoron a ba yara guba, shi yana tsoron yara su kwana da yunwa a watan Yuli. Duk tsoron biyu na gaskiya ne. Don haka ba zan yi muku shari'a ba. Zan nuna muku hanya ta uku, ina kuma roƙo a karanta wa mai gida wannan shafi bayan ya ci abinci ya huta.

Bari mu fara da ƙwaron. Mutane da yawa suna tsammani a ɗaki ya ke shiga buhu. A'a, daga gona mu ke ɗauko shi da hannunmu. Macen tana nasa ƙwai a jikin kwanson wake tun yana gona, 'yar tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar, ta zauna tana ci a ɓoye. Cikin mako uku zuwa huɗu ta zama ƙwaro, ta ɓulo, ta sake nasa nata ƙwai. Ramin nan da ku ke gani a jikin wake ƙofar fita ce. Na taɓa ba 'yan ajina wannan lissafi: a ce kowace mace ta bar mata 20 a bayanta. Wata na fari 20, na biyu 400, na uku 8,000, na huɗu 160,000. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe shi ya sa wakenmu ya ke yin zafi a buhu." Haka ne kuwa. Mai gidanki ya san abin da ya ke gudu.

Amma ke ma kin san abin da ki ke gudu. A 2008 mutum fiye da 100 suka kwanta asibiti a Bekwarra ta Jihar Kuros Riba bayan sun ci abincin da aka yi da wake mai magani, yara biyu suka rasu. A shekarar nan kuma 'yan mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Jihar Gombe suka kwanta saboda wake. Hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona iri 30 a wannan shekara. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya, gama an sami gubar diklobos a cikinsa fiye da ƙima ƙwarai, daga baya aka yi ta ƙara wa'adin hanin. Diklobos ɗin nan shi ne ƙarfin yawancin abin da mu ke kira fiya-fiya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na bi mata. Abin da baƙo ya ƙi saya, mu ne mu ke zuba wa 'ya'yanmu a kwano. Ga kuma ƙwayar nan da a ke jefawa cikin buhu ta narke ta zama iska. Iskar tana kashe ƙwaro, tana kuma kashe mutumin da ya kwana a ɗakin.

To, ina hanya ta uku? Tana ƙofar gidanku.

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato ya wuce Boɗinga da Sifawa, ya nufi Shagari, zai ga itace ɗaya ya fi kowane yawa a bakin gari, da kasuwa, da filin makaranta. Dogon yaro ke nan, wanda Kanawa su ke kira darbejiya, wasu wurare kuma bedi ko maina. Mun saba da shi har mun ɗauka ɗan gida ne, alhali baƙo ne daga ƙasar Indiya. Wajen 1928 aka fara dasa shi a Lardin Barno, daga nan ma'aikatan gandun daji suka yaɗa shi zuwa Kano da Katsina da Sakkwato domin inuwa da itacen wuta. Sun kawo mana itacen, ba su kawo mana labarinsa ba. Manoman Indiya kuwa tun kakanni su ke zuba busasshen ganyensa cikin hatsi.

Shekarun baya na raka wani abokin aikina gaisuwa a wani ƙauye na ƙasar Shagari. Muna zaune a inuwar dogon yaro, 'ya'yansa suna faɗo mana a ka, sai na ce wa tsohon gidan, "Baba, wannan itace ya cika zubar da shara." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam, kak ka rena shi. Wata shekara hwara ta zaka, tac cinye gero, tac cinye kunnen icce duka, wanga kaɗai tab bari." Na yi shiru. Abin da tsohon nan ya gani da idonsa, shi ne daidai abin da wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya gani a ƙasar Sudan a 1959. Fara ta sauka ta share kowane ganye, dogon yaro kaɗai ya tsira. Bambancinsu ɗaya ne, shi Bajamushen ya koma ya yi ta bin diddigi har ya tsufa a kan aikin. A 1968 aka ware sinadarin a Jami'ar Keele ta Ingila, aka sa masa suna azadiraktin. A 1985 aka yi rajistar maganin ƙwari na fari da aka yi da shi a Amurka. Yanzu ana sayar da shi a kwalba da tsada a ƙasashe da yawa. Mu kuwa kowace safiya sai mu aiki yarinya da tsintsiya ta tara shi a juji.

Sai ku lura da yadda ya ke aiki, gama a nan ne mutane su ke yin kuskure, har su ce ƙarya ne. Maganin kanti yana kashewa nan take, mai feshi ya waiwaya ya ga gawa a ƙasa, ransa ya yi fari. Dogon yaro ba haka ya ke yi ba. Da fari yana hana ƙwaro cin abinci, ya hau ganye ya ɗanɗana ya bari. Na biyu, tsutsa ba ta girma sai ta yi saɓa kamar maciji, sau da dama kafin ta zama malam-buɗe-littafi. Wadda ta ci ganyen da aka fesa, saɓar ta kan gagare ta, ta mutu a cikin tsohuwar fatarta bayan 'yan kwanaki. Na uku, wadda ta tsira ba ta nasa ƙwai da yawa. Wanda ya fesa yau ya je gobe neman gawa, zai komo yana zagina. Abin dubawa shi ne sabon toho, ko an ci ko ba a ci ba.

Ni kaina na taɓa zagin wanda ya koya mini. A lambun makarantarmu mun shuka wake kunya goma sha biyu domin darasin aikin gona. Na sa yara suka tsinko ganyen dogon yaro cike da kwando, muka tafasa shi sosai kamar maganin shawara, muka yayyafa da tsakar rana, sau ɗaya tak, bayan tsutsa ta riga ta shige cikin kwanso. Ba mu sami ko abin ƙosai ba. Kuskure huɗu na yi a rana ɗaya, a gaban yara talatin. Ƙarfin maganin a ƙwallon 'ya'yan ya ke, na ganye kaɗan ne. Tafasawa tana kashe shi. Rana tana kashe shi. Tsutsar da ta riga ta shige ciki kuma ruwa ba ya kai mata. Da shekara ta kewayo na gyara, muka ci wake da shinkafa a ranar rufe makaranta daga waɗannan kunyoyi.

YADDA A KE YI

Aikin yanzu ya ke farawa, ba a watan Agusta ba. Daga bazara zuwa farkon damina 'ya'yan su ke nuna su yi rawaya su zubo. A tsince su tun ba su daɗe a ƙasa ba. A murje su cikin ruwa naman ya fita, a bar ƙwallon. A shanya a inuwa mai iska, a kan tabarma, ana juyawa har su bushe ƙayau. A zuba a kwando ko buhun algarara, a rataye. Kada a ƙulle su a leda, gama za su yi fumfuna, ƙwallon da ya yi fumfuna kuwa shi kansa guba ne, sai a zubar. In an adana da kyau za su kai kaka da ƙarfinsu.

Ranar da za a yi aiki, tun da yamma a daka a hankali ɓawon ya fashe, a sheƙe, sa'an nan a daka ƙwayar ta yi laushi. Rabin kilo na garin ya isa ruwa lita 10. Mai famfon goyo na lita 15 sai ya auna kashi uku cikin huɗu na kilo. A jiƙa ya kwana. Kashegari a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, don kada ya toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulun wanki kaɗan a ciki domin ruwan ya kama ganye. A bari sai rana ta yi sanyi a fesa, sama da ƙarƙashin ganye. Da yamma ƙudan zuma sun koma gida, maganin kuma ya sami dare guda kafin rana ta taɓa shi. Wanda ba shi da famfo ya tsoma tsintsiya a bokiti ya yayyafa. Ruwan da ya ragu ba ya ajiyuwa, kowane feshi da sabon jiƙo.

Uwargida, ki ware turmi dabam domin wannan aiki. Wanda bai ji wannan gargaɗi ba zai sha fura mai ɗaci har mako biyu, ni shaida ne.

Ga wake, a fara tun yana ƙunshe fure, a maimaita kowane kwana bakwai har kwanso ya cika. In ruwan sama ya sauko a daren da aka fesa, sai a sake. Masu lambun rani a fadamu da gefen madatsar ruwa ta Shagari za su same shi da amfani a kan tsutsar kabeji da tumatir da kuɓewa, da darɓa, da 'yan fara tun ba su yi fiffike ba. Mai tumatir yana da wata riba kuma, gama maganin yana lalacewa cikin 'yan kwanaki, ba ya bin kwando zuwa kasuwa.

Ba zan ɓoye muku iyakarsa ba. Ƙananan ƙwarin nan masu shiga cikin furen wake su sa ya zube, da masu tsotse kwanso ya shanye, dogon yaro yana rage su amma ba ya gama da su. Shekarar da suka yi yawa, mai babbar gona zai bukaci maganin kanti sau ɗaya ko biyu. In ya zama dole, a nemi malamin gona, a sayi mai lambar rajista, a bi awon da aka rubuta, a rufe hanci da jiki, a kuma ƙidaya kwanakin da aka ce kafin a tsinka. Akwai kuma wahala. Dakan ƙwallon da zai ishi kadada guda kowane mako ba wasa ba ne, yawanci kuwa a kan mata da yara ya ke faɗuwa. Mai gidan da ya ke son ya ajiye kuɗin magani a aljihu, ya ɗauki taɓarya shi ma. Ga gonar bayan gida, da lambu, da abin da za a ci a gida, ban san abin da ya fi shi ba.

Yanzu mu komo ga buhun da ya kawo maganar.

Matakin fari, a kashe abin da aka ɗauko daga gona. Rana ta ishe mu wannan aiki, ita kuwa ba mu rasa ta a ƙasar Sakkwato. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza wake kada ya yi tudu, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefen a danne da duwatsu. Awa biyu da tsakar rana. In zafin ciki ya kai digiri 57 ya yi awa guda, ƙwai da tsutsa da ƙwaro duk sun mutu. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da na arewacin Kamaru ne suka gwada wannan dabara, waken kuma yana dafuwa yana tsira kamar kullum.

Sa'an nan a tsare shi. A nan man dogon yaro ya ke shigowa. Yadda a ke fid da man gyaɗa haka a ke fid da shi: a daka ƙwayar lilis, a riƙa ɗiga ruwan ɗumi ana murzawa har mai ya tsatso. Kilo guda ya kan ba da kamar rabin kofin shayi. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya isa wake kilo biyu, watau kamar rubu'in lita ga babban buhu mai kilo 100. A zuba wake kaɗan-kaɗan a daro, a cuɗa da hannu har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. Man yana toshe ƙwan ƙwaro ya hana shi numfashi, ɗacin kuma ya kori uwar. Ya kan riƙe kamar wata shida, daga kaka har bayan Ista ke nan. In za a dafa, a jiƙa a ruwan zafi 'yan mintoci a tsiyaye, ɗacin ya tafi. Tunkuzar da ta ragu a kai ta lambu, taki ce, tana kuma rage tsutsar ƙasa mai cin saiwa.

Wadda ba ta da ƙarfin fid da mai, ga toka a murhu. Iyayenmu mata sun san wannan, sai dai mun rage awon. Barbaɗawa ba ta isa ba. Kwanon wake, kwanon toka mai sanyi da aka tankaɗe, a gauraya a tulu, a danna, a rufe saman da toka kamar kaurin yatsu biyu. Wannan ya fi dacewa da iri da ɗan abin miya. Ga buhu-buhu kuwa akwai buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda aka fara yaɗawa a 2007, masu bincike na Maraɗi suna cikin waɗanda suka yi aikinsa. Ba a sa kome a ciki. A matse iska, a ɗaure kowane riɓi dabam, ƙwaro ya shanye 'yar iskar da ta ragu ya mutu. Jarka mai murfi mai kyau, wadda ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba, ita ma tana yin haka in an cika ta har wuya. Sharaɗin ɗaya ne, kada a riƙa buɗewa, kada kuma ɓera ya huda.

Akwai waɗansu tsire-tsire da tsofaffi su ke sa wa rumbu: bunsurun fadama a shimfiɗa tsakanin dammunan gero, busasshen barkono, ɗoɗɗoya, saiwar sanya wadda a ke kira uwar magunguna. Ƙarfinsu yana gushewa, sai ana sabuntawa. Masu lambu kuma su kan daka tafarnuwa da barkono su haɗa da jiƙon dogon yaro. Ban hana ba, amma a kiyaye ido.

Kalma ɗaya ta gargaɗi, domin kada wani ya ce malam ya ce duk abin da ya tsiro daga ƙasa lafiya ne. Ruwan taba yana kashe ƙwari, yana kuma shiga ta fatar mutum ya kayar da shi, ni ba na koya wa kowa shi. Majimfa da a ke kashe kifi da ita tana kashe ƙwari, amma wanda ya wanke bokitinsa a gulbi ya yi wa masunta ɓarna. Man dogon yaro kansa, kada a kuskura a ɗura wa jariri ko ƙaramin yaro da sunan magani. A Indiya da Malesiya likitoci sun ga jarirai da suka yi ta amai da jijjiga, wasu suka rasu, saboda an ba su shi. A rubuta suna a jikin kwalbar, a ajiye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da man girki.

Saura buhun da ke ɗakinki yanzu, 'yar'uwa. Waken da ya sha wanki uku yana wari, kada ya shiga tukunya, kada kuma a ba dabbobi. Amma ba asara ba ne. Damina ta kusa, a fid da shi daga ɗakin kwana, a ajiye a matsayin iri. Ki ɗebi ƙwaya 20 ki nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana biyar, ki ga nawa suka tsira. In yawancinsu sun fito, mai gida ya sami irin bana, har ya ba maƙwabta, muddin ya faɗa musu na shuka ne kaɗai. Wanda ya shuka ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa tuwo.

Mu a makaranta mun riga mun fara. Kowane yaro yana kawo gwangwanin madara guda na ƙwallo ran Jumma'a, aji biyar ne ke gaba a yanzu da kwando biyu da rabi. Wanda ya gwada a gonarsa bana, ya bar kunya biyu ba feshi domin ya sami abin kwatantawa, ya rubuto mini abin da ya gani da kaka, ko ya yi kyau ko bai yi ba. A wata mai zuwa za mu duba gara da ginin rumbu.